Babi na Bakwai: Kumfa Nawa Zan Saki?

Duk wanda ya dasa tsirrai a akwatin kifi na gilashi, ya daure ya sayo silindar iskar kabon dayokzaid, da wuya tambayarsa ta farko ta wuce wannan: "Malam, ƙwayar kumfa nawa zan saki a sakan ɗaya?" Wannan ya ce masa ɗaya, wancan ya ce uku, wani kuma ya turo masa bidiyon wani Bature yana ƙirga tasa. Cikinsu babu wanda ya yi masa ƙarya, sai dai kowa labarin akwatinsa ya ba shi. Ƙwayar kumfa ba ta da tsayayyen girma, ta wannan kwalbar ƙirgawa tana iya ninka ta waccan. Sannan akwatin lita 60 a ofis mai na'urar sanyaya ɗaki a Maitama, da na lita 200 a wani falo a Kubwa inda fanka ke kaɗa fuskar ruwan dare da rana, ba za su riƙe iskar daidai da juna ba ko da adadi ɗaya aka sakar musu.

Abin tambaya shi ne iska nawa ta narke a cikin ruwan, kuma ko yadda take yau haka za a same ta gobe da jibi. Amsar tana da ɗan tsawo, amma ba ta da wuya.

Me tsiro zai yi da ita?

Tsiro yana haɗa ruwa da iskar kabon da taimakon haske, ya samar da sukarin da yake gina jikinsa da shi, ya saki iskar oksijin. In ka busar da ganye ƙarau ka auna, sama da kashi 40 cikin ɗari na nauyinsa kabon ne. Duk wani taki da za ka zuba daga baya ɗan ƙari ne a kan wannan.

A sarari babu wata damuwa. Iskar da muke shaƙa a yau tana ɗauke da kabon dayokzaid kimanin kashi 420 cikin miliyan, kuma yawo take yi sakayau. A cikin ruwa kuwa tafiyarta ta fi jinkiri wajen sau dubu goma. Ganyen da ke nutse yakan shanye ɗan abin da ke kusa da jikinsa, sai ya zauna jiran wani ya iso. Shi ya sa kainuwa take cika tafki ba tare da kowa ya kula da ita ba: a sama take shawagi, ganyenta na shan iskar sarari kai tsaye. Bado ma dabararsa ke nan, ya miƙo ganye har fuskar ruwa. A rafi kuma, ruwan da ke ɓuɓɓugowa daga ƙasa da ruɓaɓɓen ganyen da ke kwance a gindi suna ta ƙara wa ruwan iskar, gudu na kai ta ga kowane reshe. Akwatin gilashi ba shi da wannan gatan. Abin da yake riƙewa da kansa bai cika wuce miligiram 2 zuwa 3 a kowace lita ba.

Akwai tsirran da wannan ɗan kaɗan ɗin ya ishe su. Anubias barteri, wanda asalinsa daga dazuzzukan kudu maso gabashin Najeriya da Kamaru ne, yana cikinsu. Sunan Charles Barter aka sa masa, mai tattara tsirran da ya biyo tawagar Baikie a kogin Kwara, ya kuma rasu a Rabba, cikin jihar Neja ta yanzu, a 1859. Tsiro ne mai haƙuri, a inuwa yake zaune, ganye ɗaya yakan ɗauke shi makonni. Mai irin wannan da haske madaidaici ba ya bukatar silinda. Wanda yake son jajayen tsirrai, ko 'yar ciyawar nan da ke shimfiɗe ƙasan akwati baki ɗaya, shi ne dole ya ƙara haske, kuma haske mai ƙarfi ba tare da isasshiyar iskar kabon ba gansakuka kawai yake ciyarwa.

Mutumin da ya fi kowa yaɗa wannan dabara shi ne Takashi Amano, ɗan Niigata ta ƙasar Japan, wanda ya kafa kamfanin Aqua Design Amano a 1982, ya rasu a 2015. Shi da kansa ya ba da labarin yadda ya gwada tsiyaya ruwan soda a akwatinsa, ya ga tsirrai sun farka suna fitar da kumfar oksijin. Adadin da yawancin masu wannan harka suka tsaya a kai a yau shi ne miligiram 20 zuwa 30 a lita, wajen ninki goma na abin da ruwan ke riƙewa da kansa.

Daga silinda zuwa ruwa

Hanyar gajera ce. A kan silinda akwai ragileta mai rage matsi, sai bawul mai aiki da lantarki wanda ke buɗewa da rufewa, sai bawul mai allura da ake murzawa a hankali, sai kwalbar ƙirga kumfa, sai ɗan bawul mai hana ruwa komawa baya, sai siririn tiyo ya kai iskar ga ɗan farantin tangaran da ke farfasa ta ƙanana-ƙanana a cikin ruwa.

Wurin saye ne ake yin asara. Ragiletar gas ɗin girki ba ta wannan aikin, domin matsin silindar kabon ya ninka na gas ɗin girki sau da yawa. Wanda zai yi odar ragileta daga waje ya fara duba bakin silindarsa: zaren Amurka, mai lamba CGA320, ba ya hawa kan zaren Turai, mai lamba W21.8, kuma matsa shi da ƙarfin sifana ba ya sa ya hau. Masu cika tukunyar kashe gobara su ne hanya mafi sauƙi ta samun iskar a Abuja, amma 'yar tukunyar da direbobi ke ajiyewa a mota galibi hoda ce a ciki. Ta kabon ita ce mai faffaɗan bututu a baki. A wurin masu walda kuma a tambaya da kyau, don wata iskar tasu gauraye take da agon. Bayan an haɗa komai, a shafa ruwan sabulu a kowace mahaɗa. Silindar kilo biyu da ya kamata ta yi watanni, in ta ƙare cikin mako biyu, to, yoyo ne ya shanye ta.

Silinda a watan Maris

Littattafan da aka rubuta a ƙasashe masu sanyi sukan ce agogon matsi zai tsaya wuri ɗaya har sai iskar ta kusa ƙarewa. Dalili kuwa, a cikin silinda iskar a matsayin ruwa take, kuma muddin akwai sauran ruwan, matsin da zafin ɗaki yake tafiya: kimanin bar 57 a digiri 20, kimanin 72 a digiri 30. Amma kabon dayokzaid yana da iyaka a digiri 31. Daga nan zuwa sama ba ya zama ruwa komai matsin da aka yi masa. A Abuja kuwa, daga Fabrairu zuwa Afrilu zafin rana kan haura digiri 35, ɗakin da ba a sanyaya shi kan wuce wannan iyaka da yamma. Cikakkiyar silinda a digiri 40 matsinta yana haura bar 100. Wanda ya ciko ta ya bar ta a but ɗin mota a rana, ya shiga kasuwar Wuse cefane, yana iya dawowa ya tarar ɗan marfin tsaron da ke jikin bawul ya fashe, iskar ta tafi duka.

Saboda haka a nan agogon matsi ba abin dogaro ba ne wajen sanin abin da ya rage. Sikeli ya fi shi gaskiya. Nauyin silinda babu komai a ciki a rubuce yake a kafaɗarta, ka auna ka cire. Kada kuma a jira ta ƙare tas: ragileta mai mataki ɗaya, wadda ita ce mai araha, takan saki ragowar iskar da yawa lokaci guda idan matsi ya faɗi, a wayi gari kifi sun kife.

A tsaye ake ajiye ta, a ɗaure, nesa da taga mai rana. Iskar ta fi ta ɗaki nauyi da wajen rabi, ba ta da wari, ƙasa take kwanciya. Maƙwabtanmu na Kamaru sun san haɗarinta: ranar 21 ga Agustan 1986 tafkin Nyos ya amayar da ita cikin dare, ta gangara kwaruruka ta halaka mutum fiye da 1,700 da dubban dabbobi. Silindar gida ba ta kai ko ƙurar wannan ba, amma lissafin ya cancanci a yi shi. Kilo ɗaya yana buɗewa ya cika lita 550 ko fiye. Kilo biyu a rufaffen ɗaki mai mita uku ta kowane ɓangare ya kai kashi 4 cikin ɗari na iskar ɗakin, wanda ya isa ya jirkita mutum, balle yaron da ke kwance a ƙasa. Ɗakin barcin yara ba wurin silinda ba ne.

Wane ruwa kake zubawa?

Idan iskar kabon ta narke a ruwa, tana sa shi ɗan tsami, ma'aunin pH ya sauka. Inda zai tsaya ya danganta da yawan sinadarin kabonet da ke cikin ruwan, abin da kayan gwaji ke kira KH. Abuja a kan tsohon dutse take zaune, irin na Aso da Zuma, wanda ba ya narkewa cikin sauƙi. Don haka ruwan famfon da ke zuwa daga madatsar Usuma ta Ushafa, wadda ake ƙara wa ruwa daga Gurara, da na yawancin rijiyoyin burtsatse, galibi ba su da kabonet da yawa. Mutumin Sakkwato da rijiyarsa ta ratsa farar ƙasa irin ta Kalambaina lissafinsa daban ne.

Abu biyu ne suke rikita mutane a nan. Na farko, ruwan burtsatse yakan fito da tasa iskar kabon daga ƙarƙashin ƙasa. In ka auna shi daga bakin famfo za ka ga pH ɗinsa ƙasa, ka bar shi a bokiti kwana ɗaya ko biyu ka ga ya hau. Na biyun shi ne ainihin awonsa. Abu na biyu, gidaje da yawa a Lugbe, Karu ko Nyanya ba ruwa ɗaya suke amfani da shi kullum ba: yau burtsatsen maigida, gobe tanka, jibi 'yan ga-ruwa. Duk ranar da ruwa ya canza, awon da ka rubuta a baya ya tashi aiki.

Awo

Kayan awon da aka fi gani shi ne 'yar kwalbar launi da ake mannawa a jikin gilashi daga ciki. A cikinta akwai ruwa mai KH 4 daidai, da ɗigon sinadarin buromotaimol, sai ɗan sarari na iska tsakaninsa da ruwan akwati. Iskar kabon tana fita daga ruwan akwati, ta ratsa sararin, ta shiga ruwan kwalbar ta canza masa launi. Shuɗi, iska ta yi kaɗan. Kore, ana kusa da miligiram 30. Rawaya, an zarce. Kada a cika ta da ruwan akwati ko na famfo, don da zarar KH ɗin ya bar 4, launin ba ya nufin komai. In na kanti ya ƙare, ana haɗa shi a gida: giram 1.2 na bekin soda a lita ɗaya ta tataccen ruwa, irin wanda ake ƙara wa batirin inbata, sannan a ɗebi kashi ɗaya na wannan a haɗa da kashi tara na tataccen ruwan. A tabbata ruwa zalla aka sayo, ba mai asid ba.

Aibin kwalbar ɗaya ne: labarin sa'a ɗaya ko biyu da suka wuce take bayarwa. Kafin ta koma rawaya, kifi ya daɗe da jin jiki.

Akwai kuma jadawalin da ke haɗa pH da KH ya ba ka adadin iskar. A KH 4, pH 6.6 yana nufin miligiram 30. To amma dubi yadda ɗan kuskure yake girma: 6.8 yana nufin 19, 6.4 kuma 48. Wa zai rantse cewa idonsa ya bambance waɗannan launukan a ƙarƙashin fitilar falo? Ga shi kuma itacen ado da ƙasar shuka suna sakin nasu tsamin, jadawali ya lissafa shi duka a matsayin kabon. Ni ban ba jadawalin nan muhimmanci ba, musamman a ruwa irin namu.

Hanyar da na fi yarda da ita ita ce ta faɗuwar pH. Ɗebi ruwan akwatinka a kofi, ka bar shi a buɗe kwana biyu, ka auna. A ce ya ba ka 7.2. Saukar maki ɗaya cif a ma'aunin pH na nufin iskar ta ninka sau goma, don haka inda kake nema shi ne wajen 6.2 a cikin akwati lokacin da fitila ke kunne. Ƙiyasi ne shi ma, amma ruwanka yake gwadawa da ruwanka, ba ruwansa da itace ko ƙasa. Mai ruwa mai KH 1 zai ga 6.0 ko kusa da haka, kada ya firgita. Alƙalamin awon pH na lantarki ya fi ɗigo sauƙin karantawa, in dai ana daidaita shi da ruwan gwajinsa a kai a kai.

Murza allura

Zaɓi ranar da kake gida, Asabar ko Lahadi. Sa iskar ta fara shiga sa'a ɗaya zuwa biyu kafin fitila ta kunnu, ta tsaya sa'a ɗaya kafin ta mutu, domin da dare tsiro ba ya shan kabon, oksijin yake sha tare da kifi. Fara da kaɗan. Auna pH lokacin kunna iska, lokacin kunna fitila, da tsakiyar yini, da lokacin kashewa, ka rubuta. Gobe ka ɗan ƙara, murzawa ɗaya tak, ka sake rubutawa. A nan ne ƙirga kumfa yake da amfani: shi zai gaya maka ko saitin jiya yana nan.

Abin da ake so shi ne pH ya kai inda ake nema daidai lokacin da fitila ta kunnu, ya tsaya nan har yamma. In ka ga yana ta sauka yini guda ba tsayawa, fuskar ruwanka ce ta yi shiru da yawa. Lemon kwalba in ka buɗe ka ajiye, gas ɗinsa a hankali yake fita, in ka girgiza ya fice nan take, in yana da ɗumi ya fi saurin salancewa. Haka akwati yake. Mutane da yawa suna kashe motsin fuskar ruwa don kada iska ta ɓata, alhali wannan ɓatar ce take hana ta taruwa fiye da kima, ita ce kuma ƙofar shigar oksijin. Gara ka bar ruwan yana ɗan rawa a sama, ka ƙara abin da kake saki. Silinda za ta fi saurin ƙarewa, amma cika ta ya fi sayen sababbin kifi araha.

Lokacin hunturu a sa ido a kan tsayin ruwa. Busasshiyar iskar Disamba da Janairu tana shanye shi da sauri, bakin filta ya fito sarari yana fantsama, sai ka ga kwalbar launi ta koma shuɗiya alhali ba wanda ya taɓa allura. Mai gaggawa zai ƙara iska, ranar da ya cika ruwan kuma ta yi yawa.

Abin da kifi ke faɗa

Iskar kabon ba ta korar oksijin daga ruwa, kowanne da wurinsa. Abin da take yi shi ne hana kifi fitar da tasa daga jini, jinin ya kasa ɗaukar oksijin yadda ya kamata. Ruwa mai ɗumi kuma dama ba ya riƙe oksijin da yawa: kimanin miligiram 9 a lita a digiri 20, bakwai da rabi a digiri 30, ga shi kifi ya fi bukatarsa cikin zafi. Saitin da ya zauna lafiya a Janairu yana iya zama sharri a Maris.

Kifi ya taru a sama yana buɗe baki, marfin numfashinsa na gefen kai yana bugawa da sauri, ko ya laɓe ya ƙi abinci, dodon koɗi na hawa gilashi yana neman fita: rufe iskar nan take, ko da kwalba kore shar take nunawa. Ɗago bakin filta ya fasa fuskar ruwa, ka canza rabinsa da wanda ya kwana a bokiti, ba sabon ɗiba daga burtsatse ba. Kada kuma ka yi awo da tarwaɗa ko gurami, masu iya shan iskar sarari, don za su yi ta harkarsu sauran na shan wuya.

In an ɗauke wuta

Wannan ce matsalar da littattafan waje ba su damu da ita ba. Bawul mai lantarki yana rufewa da kansa idan wuta ta tafi, madalla. Haɗarin yana wurin mai inbata wanda ya sa bawul a layin inbata ya bar filta a layin wutar gari: iska na shiga, ruwa ba ya motsi. Layi ɗaya za a sa su. Agogon kunna wuta mai juyawa kuma yana tsayawa duk lokacin da aka ɗauke, in an kawo ya ci gaba daga inda ya tsaya, bayan mako ɗaya ka tarar yana sakin iska da ƙarfe biyun dare. Mai ɗan batir a ciki shi ya dace da mu. Ɗan famfon iska mai caji ma ya cancanci kuɗinsa.

Masu haɗa sukari da yis a gora, irin yis ɗin fanke, su ma suna samun iskar, amma yis ba shi da makunni. Cikin zafi ya yi ta amai, cikin hunturu ya yi kasala, da dare ba ya tsayawa, toshe gorar kuma fashewa ce. Sai dai a zare tiyon daga ruwa kowace magariba.

Masu wannan harka sun daɗe da lura cewa baƙar gansakukar nan mai gashi-gashi da ke kama gefen ganye ta fi bunƙasa inda iskar ke hawa da sauka. Tsiro yakan ɗauki kwanaki kafin ya saba da adadin da ake ba shi, in kullum ana canza masa sai ya tsaya cak, gansakuka ta samu fili. A ganina miligiram 15 da ba ya motsi ya fi 30 na yau akwai gobe babu. Wanda ba shi da tabbacin wutar sa'a shida zuwa takwas a jere kowace rana, ya rage haske ya riƙe Anubias da bado, akwatinsa zai fi na mai silinda kyau.

In kuwa komai ya zauna, cikin mako biyu zuwa uku za ka ga sabon toho ta ko'ina, da yamma ƙananan kumfar oksijin na tashi daga ganye. Daga nan sai wata yunwar ta bayyana: sabon ganye ya fito fari-fari don rashin sinadarin ƙarfe, tsoho ya yi ƙananan huji don rashin fotashiyam, ruwan Abuja kuma ba shi da kalsiyam da maganiziyam da yawa. Babi na gaba a kan taki yake: wanne ake zubawa, nawa, da dalilin da ya sa ɗan yuriya ko NPK na gona, da ke gyara masara, yake iya kashe kifin akwati cikin dare ɗaya.